Daminar da Na Yi wa Yaya Ido

Yaya ya dawo Funtua da iyalinsa da kayansa a ƙarshen wata bazara, a bayan motar da ta kai masara Kaduna za ta komo wayam. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ta ƙarshe, kuma har yau da nake da 'ya'ya a makaranta Auta yake ce mini. Ya yi shekaru a Kaduna yana gina wa makarantu da shaguna shafukan intanet. Abin da ya faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, shi ne aikinsa ba ya buƙatar birni, ko a gindin kuka mutum ya zauna da kwamfuta zai yi shi, kuma ya gaji da barinta ita kaɗai tun rasuwar Baba. Inna ta ji daɗi har da hawaye. Ta sa aka share masa sashen Baba, aka yi sabon fenti.

Ni kuwa a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti nake aiki, masu ciwon suga su na fi gani kullum. Ciwon da ya yi ajalin Baba ke nan, kuma na san Yaya ya daɗe da shi. Ba a jima da dawowarsa ba na je gaishe shi da safe, na tarar yana zuba shayi. Rabi ya shiga kofi, rabi ya bi gefe ya jiƙa tabarma, bai lura ba sai da zafi ya taɓa masa ƙafa. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta ɗauko tsumma ta goge. Gugar wadda ta saba ce.

Da ta fita na ce, "Yaya, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon."

Ya yi 'yar dariya. "Ke dai ba ki da aiki sai neman cuta a jikin mutane. Dishi-dishi ne kawai. Tabarau ɗin ne ya tsufa."

"Ba tabarau ba ne, Yaya. Mu je a duba."

"Za mu je. Bari in gama wani aiki da na karɓa."

Aikin na wani Alhaji ne, aminin Baba, mai sayar da irin shuka. Yana da gonakin gwaji a Ƙarfi da Tsiga da wasu ƙauyuka a hanyar Malumfashi, inda yake raba gona yanki-yanki, ya shuka sabon irin masara ko waken suya kusa da tsohon, domin manoma su gani da idonsu kafin su yarda. Yana so a yi wa malaman gonarsa shafin da za su buɗe a waya, su rubuta abin da aka shuka a kowane yanki da ranar shuka, shafin kuma ya riƙa tuna musu lokacin taki da feshi. Yaya ya ce aikin yara ne, da a da ne kafin ruwa ya sauka ya gama.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, bai gama ba. Ya ƙara wa haruffan kwamfutarsa girma har layi guda ya cika allo, ya riƙa kai hancinsa dab da gilashin, hawaye na bin kumatunsa saboda haske. Akwai abokinsa tun firamare, ɗan wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen Funtua da ke gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Shi ya zo ya sa masa wata murya da ke karanta abin da ke kan allo. Yaya ya gwada ta 'yan kwanaki ya kashe. Ya ce tana gudu kamar mai tallan magani, kuma tana tsallake ƙananan alamomin da su ne ran rubutun.

Wata ranar Asabar ya aiko aka kira ni. Na same shi a barandar sashensa, kwamfutar a kan ƙaramin tebur, ya juya mata baya.

"Auta, kin iya karatun Turanci ko?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"To zauna. Ki karanta mini abin da ke nan. Kada ki fahimta, ban ce ki fahimta ba. Ki karanta duk abin da idonki ya gani, har ɗigo."

Na zauna na duba. Ban taɓa ganin rubutu irin wannan ba. Kalmomi a gutsure, wasu a manne da juna, ga alamomi birjik da ban san sunansu ba. Na fara da in'ina. Da na zo kan wata alama mai lanƙwasa na ce, "Ga wani abu kamar ƙugiya." Ya ce, "Yawwa, ƙugiya ce daga yau. Ta buɗe ko ta rufe?" Haka muka raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya. Mai kusurwa ta zama akwati. Waƙafi mai ɗigo a sama ya zama waƙafi mai hula. Wata kuma da ke farkon layuka da yawa, mai kama da harafin da aka ratsa da sanda, na ce maciji ne aka soke, Yaya ya yi dariya har ya sarƙe. Rabon da in ji wannan dariyar tasa tun kafin rasuwar Baba.

Daga nan abin ya zama kullum. In na tashi daga aiki in biya gida in ga yara, bayan la'asar in nufi gidanmu. Ni ke karantawa, shi yana zaune ido a rufe, yana kaɗa yatsa a gwiwa. In ya ji abin da bai yi masa ba ya ce tsaya, goge wannan, rubuta kaza. In rubuta, in sake karanta masa. In an ɗauke wuta mu koma kan ɗan batirin sola da yake da shi, mu yi ta yi har ya yi ƙara. Inna kan kawo masa kunun tsamiya ba suga, ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraren "ƙugiya ta buɗe, maciji, ɗigo," ta girgiza kai ta koma. Ta taɓa tambayata a kicin ko wannan karatun ba ya taɓa imani.

Kusan kowane mako sai na tayar da maganar asibiti. Na san abin da ke faruwa a bayan idonsa: ƙananan jijiyoyi ne ke lalacewa, wasu marasa ƙwari na tsirowa, kuma abin da aka rasa ba ya dawowa. Na faɗa masa da lallashi, na faɗa masa da faɗa, na haɗa shi da Anti. Amsar guda ce. In aka taɓa masa ido yanzu za a ce ya kwanta, ya daina kallon allo, shi kuwa ya yi wa aminin Baba alkawari. Daga baya na gane tsoro ne. Muddin likita bai furta ba, yana iya ci gaba da cewa tabarau ne.

Masara ta kai ƙugu lokacin da muka ce mun gama. Alhaji ya aiko mota ta kai mu gonarsa ta Ƙarfi domin a nuna wa malaman gona. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, ko'ina kore shar. Na riƙe wa Yaya hannun riga daga mota zuwa gindin wata ɗorawa inda aka shimfiɗa tabarmi, muna tafe kamar hira ce ta haɗa mu. Alhaji ya gani, ya kau da kai, ya yi ta sa masa albarka.

Da farko komai ya tafi daidai. Babban malamin gonar, wani dattijo mai fara'a, ya buɗe shafin a wayarsa, ya shigar da yankunan gonar Ƙarfi da irin da ke cikin kowanne. Sai ya ce gonar Tsiga ma kusan haka aka tsara ta, bambancin kaɗan ne. Yaya ya ce ai an yi tanadin wannan, akwai wurin da zai taɓa ya kwafi tsarin Ƙarfi zuwa Tsiga, sai ya gyara abin da ya bambanta. Dattijon ya taɓa, tsarin ya kwafu, aka yi kabbara. Ya shiga Tsiga ya canza yankin farko daga masara zuwa waken suya. Sannan ya koma Ƙarfi don ya nuna wa Alhaji.

Yankin farko na Ƙarfi ya zama waken suya. Ga masarar kuwa a gabanmu iska na kaɗa ta.

Dattijon ya mayar da shi masara, ya leƙa Tsiga, can ma ya koma masara. Ya miƙa wa na kusa da shi wayar, wannan ya miƙa wa na gaba. Yaya na zaune a tsakiyarsu da murmushi a fuska, yana jiran a yaba, yana juya kai daga wannan gefe zuwa wancan. Shirun ya yi tsawo har murmushin ya fara gushewa.

"Auta," ya ce a hankali, "me ya faru?"

Na matsa kusa da kunnensa na faɗa masa. Sai ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Na san shi. Ƙaramin abu ne, Alhaji. A ba ni kwana kaɗan." Alhaji ya ce ba komai, ɗa na kowa ne, aikin hannu ya gaji haka. Aka kawo dafaffiyar gyaɗa. Yaya bai ci ba.

A mota muna komawa, bayan mun wuce Bakori, ya fara bayani. Ya ce a cikin rubutun nan kowace gona ƙunshi ce, a cikin ƙunshin akwai jerin yankuna, kowane yanki kuma wani ƙunshin ne mai nasa kayan. Akwai wani tsohon kayan aiki da masu gina shafuka suka daɗe suna dogara da shi, shi ne mai alamar macijin nan, kuma shi ya sa ya yi masa kwafin. To in ba ka ja masa kunne ba, na sama kawai yake kwafa. Sunan gona da garin da take za su zama nata na kanta, amma abin da ke can ciki ba ya taɓa shi.

"Kamar a ce za a raba wa 'yan'uwa biyu gida," in ji shi. "Aka gina wa kowa ɗakinsa, amma maimakon a raba hatsi sai aka yanka wa kowa mabuɗin rumbu guda. Kowa na ganin yana da rumbu. In wannan ya ɗiba, na wancan ya ragu."

"To yaya ake yi?"

"Kalma ɗaya ce za a ƙara, a ce masa ya nutsa har ƙasa ya kwafo komai. Shekara nawa ina koya wa yara wannan a Kaduna." Ya juya fuskarsa wajen taga. "Da ina gani, tun kafin ki gama karanta layin na kama shi."

Kalma ɗaya ce, amma a ina? Rubutun ya yi yawa, yana warwatse a wurare daban-daban, kuma Yaya ya kasa tuna inda ya sa umarnin kwafin. Muka bi shi layi-layi. Da muka same shi na ƙara kalmar, muka gwada, Ƙarfi ta rabu da Tsiga. Na yi guɗa har Anti ta leƙo. Yaya ya ce in dakata, in kwafi ƙaramar gona a kan babba in gani. Na yi. Yankunan babbar da suka yi rara ba su tafi ba, suka maƙale a ƙarshen jerin, gonar ta fito da yankunan da babu su a ƙasa. Ya ce haka kayan aikin yake, gauraya yake yi, ba ya share abin da ya tarar.

Ya sauya dabara. Ya ce a mayar da gonar duka ta zama rubutu zalla, sannan a sake gina ta daga rubutun, ta haka ba abin da zai haɗa sabuwa da tsohuwa. Wannan ma da farko kamar ta yi, amma sai ranakun shuka suka lalace. Suna nan a rubuce, ido na ganinsu, amma shafin ya daina gane cewa ranaku ne, ya kasa lissafa lokacin taki. Kuma tunatar da taki shi ne dalilin yin aikin tun asali.

A wannan lokacin Yaya ya daina gane fuskata. Da murya yake sanin na shigo. Ya rame, ƙafafunsa sun fara kumbura da yamma. Na riƙa zuwa da abin gwaji ina tsira masa yatsa, abin da nake gani ba na faɗa a gaban Inna.

Sai ya ce zai rubuta nasa da kansa. Wani ɗan umarni ne da zai buɗe ƙunshi ya kwashe abin da ke ciki ɗaya-ɗaya, in ya tarar da wani ƙunshin a ciki ya sake kiran kansa a kai, haka har ya kai ƙasa. Da ka ya tsara shi, ya riƙa yi mini shifta. Na rubuta, na karanta masa, ya ce daidai. Na taɓa wurin kwafi. Kwamfutar ta tsaya cik, fankar cikinta ta hau kuka, allon ya ƙi motsi.

"Me kika gani?"

"Ba komai. Ta sandare."

"Kin rufe ƙugiyar ƙarshe?"

"Na rufe."

"Ba ki rufe ba. Karanta."

Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce tsallake wani abu nake yi, idona na kan allo hankalina na kan tukunyar gidana. Na ce wallahi abin da ke nan na karanta. Ya daki teburin da tafin hannu har kofin kunu ya kife.

"Abu a gabanki, ƙuru-ƙuru, kina da ido biyu lafiyayyu! Me kike yi da su?"

Na tashi na ɗauki mayafina. Ina bakin zaure na ji yana kiran Auta, Auta, ban juya ba. Na yi kuka a hanya, ba don faɗan ba. Yaya bai taɓa ɗaga mini murya ba tun ina yarinya, shi ke goya ni zuwa makarantar allo in an yi ruwa. Mutumin da ya daki teburin nan ban san shi ba, kuma na ji a jikina cewa shi za mu zauna da shi daga yanzu.

Washegari da hantsi Anti ta kira ni a wurin aiki. Ya tashi daga barci ya ce wani jan abu ya rufe masa idon dama, kamar an tsiyaya manja a ruwa. Na san ko mene ne. Ɗaya daga cikin jijiyoyin nan ce ta fashe, jini ya cika cikin idon. Kuma na dama shi ne mai ɗan saura.

A ranar abokinsa mai gyaran kwamfuta ya rufe shago ya kai mu wani asibitin ido a Kano da motarsa. Likitar da ta duba shi mace ce mai sanyin magana. Ta daɗe tana haska masa fitila, sannan ta tambayi tun yaushe abin ya fara. Yaya ya faɗi gaskiya a karon farko, kuma ya fi yadda nake zato daɗewa, tun yana Kaduna. Ta ce na hagu ya riga ya tafi. Na dama za a jira jinin ya kwanta a ga abin da za a iya cetowa, amma kada mu sa rai da yawa. Ta ce da an zo bara, ba ta ƙarasa ba. Ta kuma ce a duba ƙodarsa.

A hanyar dawowa abokin nasa ya yi ta ba da labaran firamare, yadda suke satar rake a fadama ana korarsu. Yaya na amsawa da "haka ne." Mun kusa Malumfashi ya ce, "Auta, ba ke ba ce."

Na ɗauka maganar faɗan jiya yake yi. Na ce ya wuce.

"A'a, ki ji. Kin rufe ƙugiyar. Kowane yanki yana ɗauke da alamar gonar da yake ciki. To umarnin in ya shiga yanki sai ya tarar da gona, ya shiga gonar ya tarar da yankin, ya sake shiga. Zagaye yake yi ba iyaka. Sai an sa ya riƙa tuna abin da ya riga ya kwafa."

Ashe abin da yake tunani ke nan tun daga Kano, da auduga a manne a ido. Abokin nasa ya dube ni ta madubi. Ban san ko in yi dariya ko in fasa ihu ba.

Likita ta ce ya kwanta da kai a sama, kada ya yi wani aiki. Ya kwanta, amma ya ce kunne ba ido ba ne. Na kawo kwamfutar bakin gadonsa. Wannan karon ba faɗa, ba dariya kuma. Ya faɗa, na rubuta, na karanta. Ya sa aka ƙara wurin ranaku, aka ƙara wurin tuna abin da aka kwafa. Wata ranar Laraba da yamma na kwafi Ƙarfi zuwa Tsiga, na canza iri, na canza rana, na kwafi ƙarama a kan babba, na yi duk abin da ya ce in gwada. Kowace gona ta tsaya da ƙafarta. Na faɗa masa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Rufe ta." Ya juya ya fuskanci bango.

Aka aika wa Alhaji. Bai zo ba sai da aka fara yankan masara. Ya shigo da carbi a hannu, ya zauna a gefen gadon, ya daɗe yana jajanta ciwon. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Hanyoyin ƙauyukan sun lalace. 'Yan bindiga sun tare ɗaya daga cikin malaman gonarsa a hanyar dawowa, Allah ya sa ya tsira da ransa, amma sun ɗauke babur da waya, sauran kuma iyalansu sun hana su fita. Wasu gonakin ko girbe su ba a yi ba. Ya ce baɗi ba zai yi gonar gwaji ba, sai dai ya sayar da iri a shago ga wanda ya zo. Ya ce in abubuwa suka lafa za a waiwayi shafin, aikin ba zai tafi a banza ba.

Yaya ya ce, "Allah ya kawo sauƙi, Alhaji. Rai ya fi."

"Ka yi haƙuri, ɗana."

"Ba komai. Amma yana aiki yanzu. Ko sau ɗaya a buɗe a gani."

Alhaji ya ce in sha Allahu. Na raka shi zaure, ya tsaya yana neman takalminsa, ya ce mini shi wayarsa ma ba mai shiga intanet ba ce.

Ba wanda ya sake buɗe shafin. Ni kaɗai na taɓa ganin yana aiki daidai, ni kuwa ban san kan gona ba. Bayan wani lokaci na gwada shiga daga wayata, aka ce babu shi.

An yi wa Yaya aiki a idon dama bayan jinin ya kwanta. Ya samu ɗan haske na 'yan watanni, yana bambance ƙofa da bango, daga baya wannan ma ya tafi. Gwajin ƙodar ya fito yadda nake tsoro. Yanzu ana kai shi wankin ƙoda a wani gari, tafiyar da ke cinye yini guda, ya dawo kamar an matse tsumma. Abokinsa ya yi ta ƙoƙarin ya koma kan muryar nan mai karatu, ya ce akwai makafi a duniya da ke wannan aikin kuma suna ci da kansu. Yaya ya ce ya sani, Allah ya taimake su. Ya ce shi ƙwaƙwalwarsa ce ta gaji, in ya riƙe layi uku na huɗu sai na farkon ya zube. Ya ba abokin kwamfutar ya ce ya ba duk wanda zai amfana.

Anti ta samu aikin koyarwa a Zariya, kusa da iyayenta. Yaya da kansa ya ce ta karɓa, ta tafi da yaran saboda makaranta. Tana zuwa duk ƙarshen mako in hanya ta yi kyau, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Sauran kwanakin daga shi sai Inna a gidan. Ita da ya dawo don ya kula da ita, ita ke dafa masa abinci marar gishiri, ta ja shi zuwa bayi, ta zuba masa ruwan alwala, ga gwiwoyinta da ba sa son tsuguno. Ina zuwa bayan la'asar kamar da, in gwada masa suga, in yanke masa farce. Hirarmu ba ta da tsawo. Yakan tambayi yarana, in amsa, sai mu zauna muna jin rediyon maƙwabta.

Kwanan baya na tarar yana barci, na shiga kicin wurin Inna tana tsince wake. Na zauna na taya ta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Auta, kin san abin da nake roƙo yanzu in na yi salla?"

Na ce a'a.

"Kada in riga shi. In na tafi wa zai zauna da shi? Ke kina da miji da 'ya'ya da aiki." Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake gefe. Hannunta ya tsaya a cikin faranti. "Astagfirullah. Wace irin uwa ce ke roƙon ta binne ɗanta?"

Muka ci gaba da tsince waken har aka kira magariba, ta dafa bango ta miƙe, ta tafi tashe shi.